Kwanon Ɗan Fari

Duk wanda ya taɓa kai shinkafa injin casa na Alhaji Atiku a Kalgo ya san Tasalla mai tuwo. In bai ci tuwonta ba, to ya sha faɗanta. 'Yar Kambaza ce ta ƙasar Gwandu, aure ya kawo ta Kalgo, mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu da tukunya biyu. Ta kafa rumfa a jikin katangar injin, shekara goma sha tara tana tuƙa wa leburori tuwon shinkafa da miyar kuka.

Ba ta yi boko ba, allonta ma bai yi nisa ba, amma miƙa mata kwanon da mutum ya ci ya ajiye, sai ta gaya maka abin da ke damunsa. Wanda ya yi faɗa da matarsa yakan zo da sassafe ya tashi da malmala uku. Mai zazzaɓi yakan shanye miya ya bar tuwo. Mai shan ƙwaya kuwa ya fi kowa sauƙin ganewa. Loma biyu zai yi ya ture kwano, ya nemi ruwa, ya sake neman ruwa, yana susar hanci, idonsa ya ƙanƙance, kana yi masa magana yana gyangyaɗi a zaune.

Wannan ilimin ba a banza ta same shi ba. Sambo, wanda ya fara tuƙa injin, wata biyu kwanonsa yana dawo mata an ci loma biyu kacal, tana gani tana cewa ba ruwanta. A wannan injin, in bel ɗin da ke juya shi ya zame ba a kashewa, don kada aiki ya tsaya. Da hannu ake tura shi ya koma yana cikin gudu, kuma sai mai cikakken hankali ke iya yin haka. Wata Laraba bel ya zame, Sambo ya kai hannu, injin ya tafi da hannun har gwiwar hannu. Yanzu yana bakin tasha yana sayar da goro da hagu. Tasalla ba ta taɓa wuce shi ba tare da ta ji zuciyarta ta yi nauyi ba.

Wanda ya gaji Sambo ɗanta ne, ɗan fari. Su kuwa mutanen Kambaza, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido cikin ido, ko ciwo yake yi sai ta kau da kai kamar ba ita ta haifa ba. Wajen kakarsa ya tashi, ya dawo Kalgo da gemunsa da matarsa Surayya. Leburori na ce masa Mai Inji, shi yana ce mata Adda kamar yayarsa ce, ita kuwa shekara talatin ba ta da wani suna gare shi sai "wancan". Ko tuwonsa ba ta miƙa masa da hannunta. Takan zuba ta tura wa na kusa ta ce, "Kai ma wancan."

Da kakar bara shinkafa ta yi kyau a fadamar Wurogauri, buhuna suka cika fili har bakin hanya, injin yana aiki daga asuba har magariba. A mako na biyu kwanon wancan ya dawo an ci loma biyu kacal. Ta ce gajiya ce. Washegari ya dawo haka, aka kuma zo ɗebar masa ruwa sau uku. Ta saci kallonsa ta gefen mayafi, ta gan shi tsaye gaban injin yana susar hanci. Ta san wannan kwanon sarai.

Ta bi hanyar da al'ada ta yarda. Ta aika wa Surayya, Surayya ta zo tana kuka, ta ce ta tsinci fatun ƙwayar tiramol a aljihunsa, da ta yi magana ya daka mata tsawa. Tasalla ta yafa mayafi ta sami Alhaji Atiku a ofishinsa, ta ce a sauke Mai Inji daga aiki ko na mako biyu ne.

Alhaji ya yi dariya. "Tasalla, ke da ba ki ko hwaɗin sunanai, yaushe kinka zama likitatai? Ba mu taɓa casa kamar bana ba. Yaron ga ko gajiya ba shi yi."

"Shi na ya kawo ni, Alhaji. Mutum ne, ya kamata shi gaji."

Fuskarsa ta canza. "In kinka tada zancen ga gaban ma'aikata, ki nemi wata katanga."

Ta fito ranta a ɓace. Mutumin nan ya san komai, buhunansa kawai yake gani.

Ranar Alhamis da hantsi tana tuƙi sai ta ji ƙarar injin ta sauya. Shekara goma sha tara sun koya mata wannan ƙarar, bel ne ya zame. Ta ɗaga kai. Ga wancan yana tafiya wajen bel yana tangaɗi, ido rabi a rufe, yana naɗe hannun riga. Leburori sun fi ashirin a wurin, kowa ya ga tafiyar, ba wanda ya tare shi. Ta jefar da muciya.

"Ubaidullahi!"

Muryar ta haye ƙarar injin. Ya tsaya cak, hannunsa a miƙe, ya juyo yana neman wadda ta kira shi, don tunda aka haife shi bai taɓa jin sunansa a wannan bakin ba. Ta tako ta cikin ɓuntu har gabansa, ta dube shi ido cikin ido.

"Ubaidullahi, kashe injin ga."

Ya kashe. Ta sa hannu a aljihunsa ta zaro ƙwayoyin, ta ɗaga su sama kowa ya gani. Ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba a gemunsa, ya ce, "Adda..." bai iya ƙarasawa ba.

Alhaji ya fito da sauri babbar riga na jan ƙasa. "Wa ya kashe min inji? Tasalla, kwashe tukwanenki!"

"Katangarka ta, Alhaji, riƙe abinka. Hannun ga kuwa ni na haihe shi, ba ni barin shi cikin injinka."

Kafin azahar ta tsallaka hanya da tukwanenta zuwa gindin dogon yaro. Matan unguwa suka yi ta gulma, wai Tasalla ta zubar da kunya, ta kira ɗan fari a bainar jama'a. Da labarin ya iso mata ta ce ta taɓa yin kunya wata biyu, mai son ganin abin da kunyar ta haifar ya tafi bakin tasha ya gaida Sambo. Leburori kuwa tuwo suka bi, suka tsallako. Ta kafa musu doka: duk wanda kwanonsa ya dawo da loma biyu, za ta kira sunansa da na ubansa kowa ya ji.

Ubaidullahi ya rasa aikin injin, Alhaji ya ɗauki wani. An kai Ubaidullahi asibiti a Birnin Kebbi, daga can Kambaza wajen kawunsa. Ya sha wuya, amai da rawar jiki da rashin barci, sau biyu yana neman guduwa ana maido shi. Da ya ji sauƙi ya kama noman albasa a fadamar Gwandu.

Wata huɗu bayan haka ya zo Kalgo, ya zauna a ƙarshen benci cikin leburori. Ba ta dube shi ba. Ta zuba malmala biyu ta tura. Can kwanon ya dawo, an suɗe shi tas, ko miya ba a bari ba. Ta riƙe shi ta daɗe tana kallon cikinsa, ta goge ido da bakin mayafi kamar hayaƙi ne ya shige ta. Sannan ta ƙara malmala ɗaya, ta ɗora tsokar nama a kai, ta tura wa na kusa.

"Kai ma wancan."