Kawu Sai-Ya-Sauka, Ba Za Su Cire Jiranka Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, Allah ya karɓi ran Kawuna, mai gyaran kwamfuta, bayan jinyar kwana shida.

Kawu, a shago Sai-Ya-Sauka suke ce maka, suna dariya. Ni ban taɓa tayawa ba. Ranar da na ji takun Umma, na fizge filashina daga kwamfuta don kada ta ga labarin soyayyar da nake rubutawa a ɓoye, babi goma sha ɗaya suka koma tarkacen alamomi. Na kawo maka ina kuka, na kasa faɗin abin da ke ciki. Ka yini a kai, ka ceto tara. Ba ka tona ni ba. Cewa kawai ka yi, "'Yar gidana, ko kwamfuta ta ce ta gama, da sauranta. Rubutun yana riƙe a ƙwaƙwalwarta, bai sauka kan faifai ba. Ki bari sai ya sauka." Sannan ka ce jarumin nawa ya cika surutu.

Shi ya sa manhajar da ka haɗa ta gyaran faifai ba ta taɓa komai sai na'ura ta sauke duk abin da ta riƙe, ba ta kuma rufewa sai ta sake tabbatarwa. Minti biyu ne, wani lokaci uku.

Jiya abokin aikinka ya zo gaisuwa. Ana shafa addu'a ya ce wa Umma, "A nemo mini kalmar sirrin manhajar, in cire jiran nan. Masu kawo gyara na ƙorafi."

Ni da ko baƙo ba na iya haɗa ido da shi, sai na ji bakina ya ce, "Baba, ba za a cire ba. Hotunan mutane ne a ciki, da takardunsu."

"Ke kuma a su wa?"

"Ni ce mai kalmar."

Sunan jarumar labarina ka sa, mu biyu kaɗai muka san shi. A gadon asibiti ka raɗa mini. Abokin aikin naka ya yi ta fushinsa. Babi biyun nan har yau ba su dawo ba, kuma ba za a yi wa wani haka da aikinka ba, ina numfashi.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya yafe maka, ya haskaka makwancinka. Umma, da matarka, da 'ya'yanka, Allah ya ba mu haƙurin rashinka. Manhajar tana nan tana jira, yadda ka bar ta.