Elspet Mair Ta Shiga Jirgin Ƙaguwa

Tun Elspet Mair tana da shekara goma sha biyar take gyaran kifi a bakin teku a garinsu Cullen. Kafin ta fita sai uwarta ta naɗe mata yatsu da tsumma, don idan wuƙa ta yanke ka gishiri ya shiga, wuni za ka yi kana cije leɓe. Ta farke cikin wannan ta jefa a ganga, ta cafko wancan. Idan kifin ya yi kudu masunta suka bi shi, ita da ƙawayenta sai su hau jirgin ƙasa har garin Yarmouth, sai sanyi ya koro su gida.

Ta auri Dod Pirie, mai haɗa gangunan katako, mutum mai sanyin hali. Yakan tsokane ta wai ƙuma ce ta shige mata riga, don ko saƙar rigar sanyi a tafe take yin ta, daga ƙofar gida zuwa inda jirage ke tsayawa, ta juyo.

Daga baya kifi ya ja baya, aka sayar da jiragen ɗaya bayan ɗaya, Dod ma ya rasu. Baƙi suka saye gidajen unguwar masunta, ba sa zuwa sai lokacin zafi. Zama ya gagari Elspet. Sai ta sake wanke daɓen da ta wanke ɗazu, ta leƙa taga, ta ɗauki kwat ta fita ba inda za ta.

Tana da shekara saba'in da huɗu ta tare Alick, ɗan yayanta, yana shirin fita duba tarkon ƙaguwa. Ta ce yau da ita za a je.

"Gwaggo, mace a jirgin masunta? Ba a taɓa yi ba. Ai sai Kaka ya taso daga kabari."

"Kakan naka, uwata ce ke goya shi har jirgi don kada ƙafarsa ta jiƙe. Matsa in shiga."

Ba su yi nisa ba amai ya turnuƙe ta. Da ta ɗago kai, sai ga garin nasu, karon farko ta gan shi daga ruwa: ƙananan gidaje a cunkushe kamar tumaki cikin iska, ga shanyarta can tana kaɗawa. Ta yi wa Alick faɗa kan yadda yake naɗe igiya, har ya sakar mata ta naɗe da kanta.

Tana saukowa ta tambaye shi ƙarfe nawa gobe. Shekara uku ta yi tana binsa, har ranar da likita ya hana ta saboda ciwon ƙugu.