Baffa Kar-a-Motsa da Tsofaffin Gilasansa

Ƙanen mahaifina ne, amma a layinmu ba wanda ya san shi da wani suna sai Kar-a-Motsa. Tun yana saurayi yake ɗaukar hoto a wani ɗan shago kusa da teloli, mai labulen shuɗi da kujerar katako mai ƙafa ɗaya gajeriya. Kafin ya danna, sai ya daɗe yana murɗa gilashin kyamara da yatsu biyu yana cewa, "Kar a motsa," har murmushin mutum ya bushe a fuska.

Da fim ya yi wuyar samu, kowa kuma ya koma ɗauka da waya, sai ya rufe shagon. Gilasan dai bai sayar ba. Ya cusa kowanne cikin tsohuwar safa ya jera su a durowar gefen gado. Matarsa takan ce 'ya'yan da ya fi so ke nan, don su ba sa cin abinci.

Autarsa, wadda ke aikin jinya, ita ta sayo masa kyamarar zamani ta hannu tare da wasu zobban ƙarfe da ake kira adafta. Kowane gilashi da irin bakinsa, kowane baki da zobensa. A ɗaura zoben a jikin kyamara, a murɗa tsohon gilashi a kai, sai ka ji ƙas, ya zauna.

"Amma fa Baba, ba za ta saita maka da kanta ba," in ji Auta.

"Da ma wa ya roƙe ta?"

Ya dawo da kuzari kamar an rage masa shekaru. Ya ɗauki mai wankin mota, ya ɗauki magen maƙwabta, ya ɗauki matarsa tana masa tsawa. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne yanar ido ta fara rufe masa gani.

Ana cikin haka Gwaggo, yayarsu shi da mahaifina, wadda ta yi aure nesa, ta zo ganin gida bayan shekaru masu yawa. Aka taru a tsakar gida, ita a tsakiya, jikoki a ƙasa. Baffa ya zaɓi gilashinsa mafi nauyi. Auta ta ce ya bari ta duba ɗan allon bayan kyamarar, ya janye hannunsa.

"Tun ba a haife ki ba nake wannan aiki."

Gwaggo ta yi dariya ta ce, "Ƙyale shi, haka yake tun yana rarrafe." Ya kuma hana kowa ɗaga waya, wai kada a raba wa mutane ido.

Da aka wanko hotunan, ƙofar da ke bayanmu ta fito tar, har ana ganin tsatsar sakata. Mu kuwa duk biji-biji, Gwaggo sai a gane ta da launin mayafi. Baffa ya duba ya ce sun yi kyau, don a lokacin haka yake ganin komai. Ba wanda ya iya buɗe baki. Ya sa aka yi wa ɗaya firam aka rataye a falo.

Gwaggo ta rasu kafin shekara ta zagayo. Bayan haka ne ya yarda aka yi masa aikin ido. Ranar da aka cire bandejin ina falon. Ya tsaya gaban hoton ya daɗe, sannan ya juyo wurin Auta.

"Haka yake tun farko?"

"Haka yake, Baba."

"Kuka bar ni na rataye shi."

Ta sunkuyar da kai. Ya zauna a hankali ya ce, "Da kun faɗa, ai da na bi ta na sake."

Yanzu idonsa garau, hotunansa ma haka. Yakan ɗauki masu wucewa daga bakin ƙofa da yamma. Amma idan aka yi taron dangi aka ce ya ɗauki hoto, sai ya ce gwiwarsa na ciwo, ya nemi kujera a gefe.