Karyar da Ta Kwana a Ɗakin Inna

Da hantsin wata Talata, bayan alhazan shekarar 1966 sun watse, mijin yayata Sabi'u ya miƙo mini takardar buhun siminti a ƙudundune, ya ce in jefar a juji kafin in wuce ɗibar ruwa. Ban fi shekara goma ba. Naman Mina da muka shanya a kan rufin kwano bai gama bushewa ba, ƙudaje sun yi masa baƙi, unguwarmu ta Mansur a Makka duk ta ɗauki ƙaurin kitse da rana. Ina tafe ina kaɗa buhun, sai na ji abu yana motsi a jikin ƙwaurina. Na tsuguna a bayan wata sandaƙa, irin ɗakunan langalangar nan da duk muke zaune a ciki, na buɗe. 'Yan kwikwiyo ne guda uku, farare, ko tafin hannuna ba su cika ba. Ɗaya leɓensa a tsage har hanci, ɗaya ƙafafunsa na baya a murɗe kamar an matse tsumma, na ukun kuwa kansa ya fi jikinsa girma. Suna ta laluben nono a jikin takarda, bakinsu duk ƙurar siminti.

Uwarsu Lulu ce, wata 'yar mitsitsiyar karya mai dogon farin gashi, wadda da kaɗan ta fi kyanwa. Yaya Sabi'u direban tasi ne tsakanin Makka da Jidda, kuma wata Baturiya da za ta koma ƙasarsu ce ta bar masa ita, da ciki a jikinta. Da ta haihu ya koma Jidda da 'ya'yan, Turawa suka yi rububinsu, shi ke nan idonsa ya buɗe. Ya ware namiji ɗaya ya ajiye a garejin abokinsa a unguwar Hindawiyya. Da ɗan ya girma, sai ya riƙa ɗauko shi a kwali yana haɗa shi da uwarsa. Tana yaye waɗannan, yana ƙirga mata lokacin wata barbarar. Masu kyau a kai Jidda, nakasassu a kai juji. Ni ban san da na jujin ba sai ranar.

Kada wani ya ɗauka son Lulu nake yi. Ƙyanƙyaminta nake ji har cikin raina. An kafa mata akurki a lungun bayan bayi, kuma tun da matarsa Yaya Hajara ta rantse ba za ta taɓa kare da goyo a bayanta ba, aikin ya faɗo kaina. Ni ce kwasar kashi, ni ce wanke zarni, ni ce cire mata kaska da tsinke, manya-manya masu ruwan toka da suka sha jini suka ƙoshi. Gashin da Turawa ke mutuwa a kai ya dunƙule ya koma kamar tsumman goge tukunya. A makarantar allo babu mai zama kusa da ni. In muka zauna carafke a ƙofar gida, yara sai su ce kada in taɓa musu duwatsu, “Mai kare ta zo, ku ɗauke kwanukanku.” Na fasa wa wata baki a kan wannan sunan, kuma sunan bai fita ba. Maƙwabta duk sun san da karyar, amma babu mai kai ƙara, don rabin unguwar ba mai takardar zama a ƙasar, ba wanda ke son ganin ɗan sanda a lungunmu.

Inna, mahaifiyarmu, ta fi kowa ƙinta. Daga ƙasar Katsina ta taho da ƙafa ta Sudan, babanmu ya rasu ina goye, da suyar gyaɗa da girkin alhazai a Arfa ta rene mu. Ba ta taɓa kiran karyar da suna ba, sai dai “wannan abin”. Ranar da Lulu ta kuɓuce ta lashi kwanon furarta, Inna ta sa ni na wanke shi sau bakwai, har da ƙasa, sannan duk da haka ta mayar da shi kwanon toka. Kullum tana cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da kare yake. Amma ba ta taɓa yi wa Yaya Sabi'u magana a kai ba, saboda surukinta ne. Ba ta faɗin sunansa, ba ta cin abinci a gabansa. Shi ma tun daga nesa yake cire takalmi ya tsuguna ya gaishe ta, kansa a ƙasa, ko inuwar ƙofar ɗakinta bai taɓa takawa ba. In magana ta zama dole, ta bakina take bi, ko da suna tsakar gida ɗaya.

Ranar ban kai buhun juji ba, gida na komo na ajiye a gaban Inna tana ɓarar gyaɗa. Ta leƙa, ta daɗe tana kallo, ta tofar da yawu gefe. Ta sa ni na ɗiga musu madara da tsumma, amma kafin la'asar duk sun mutu, na haƙa rami a gindin dutse na rufe su. Da Yaya Sabi'u ya dawo ya tsuguna gaisuwa, ta dube ni ta ce, “Ki gaya wa mijin yayarki, a garinmu ko akuya in ta haihu ana barinta ta murmure. Kuma sayar da bunsuru ake yi kafin ya hau uwarsa.” Ya ce, “To, Inna.” Haka yake cewa a komai. Muna fita zaure ya ja mini kunne yana dariya, irin wasan mijin yaya da ƙanwar mata, wai amaryarsa ta zama 'yar rahoto, alawar da yake kawo mini daga Jidda a zatona daga sama take faɗowa. Na ce masa ya riƙe alawarsa, warin kare take yi. Ban sake karɓa ba, ko da yake ina so.

Lulu kuwa ba ta tashi daga wannan haihuwar da daɗi ba. Ta kwana biyu tana haki, harshe a waje, wani baƙin ruwa mai ɗoyi yana fita daga jikinta. Gashin cikinta ya zube, nonuwanta suka yi gyambo, haƙoranta na gaba suka fara faɗuwa, sai na jiƙa mata burodi take iya ci. In ta miƙe, ƙafafunta rawa suke yi. Yaya Hajara da kanta ta ce masa wata haihuwar ita ce ajalinta. Ya ce ai dabba ce, an halicce ta ne don ta haihu.

Bayan wasu watanni na ga ɗigon jini a akurki, na san lokacinta ya sake zuwa. Shi ma ya gani. Ya ce ranar Juma'a in an sauko masallaci zai biya Hindawiyya ya ɗauko namijin. Na gaya wa Inna.

Da safiyar Juma'ar na ga tana fito da kaya daga ɗakinta. Ta fara da Alƙur'aninta a cikin gafaka, sai buzun salla, carbi, da likkafaninta da ta wanke da ruwan Zamzam ta naɗe a ƙasan akwati. Ta kai su ɗakin maƙwabciya ajiya. Sannan ta toshe hanci da gefen mayafi ta ce, “Ɗauko wannan abin ki sa mini shi a ƙarƙashin gado.” Na tsaya ina kallonta. Ta ce ko kunnena ma kaska ta cika shi? Na ɗauko Lulu, ba ta fi nauyin kaza ba, na shimfiɗa mata buhu a ƙarƙashin gadon ƙarfe. Inna ta baje tabarma a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafafu daga wannan gefen ƙofar zuwa wancan, ta jawo farantin gyaɗarta.

Yaya Sabi'u ya shigo da kwali a hammata, namijin yana kuka a ciki. Ya leƙa akurki babu komai, sai ya jiyo haushin Lulu daga inda bai taɓa zato ba. Ya cire takalmi, ya tsuguna can nesa, ya gaishe ta, ta amsa kamar kullum. Sannan ya rage murya ya ce da ni, “Amarya, shiga ki fito mini da ita, shi ke nan, kada ta ɓata wa Inna ɗaki.” Inna ba ta ɗaga kai daga gyaɗarta ba. “Ki gaya masa ga ƙofa nan, ba a kulle take ba. Ya tsallake ni ya ɗauka.” Na maimaita masa kalma-kalma, da ƙarfi, duk da ya ji. Matan gida sun leƙo ta hujojin langalanga. Ya yi ta zama a tsugune a cikin ranar Makka, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, har ƙafarsa ta yi sanyi. Daga ƙarshe ya ce, “To, Inna,” ya ɗauki kwalinsa ya fita yana ɗingishi.

Har lokacin Lulu ya wuce, Inna ba ta sake shiga ɗakinta ba. A tsakar gida take salla, a bakin ƙofa take kwana, da rana ta rataya tsohon zani ya yi mata inuwa, ƙurajen zafi suka feso mata a wuya. Unguwa ta ɗauka, wai tsohuwa ta bar wa kare ɗaki. Wata maƙwabciyarmu haihuwar nan ta zo tana tafa hannu, “Haram alaiki ya Hajja, kin kori mala'iku daga ɗakinki.” Inna ta ce, “Mala'iku sun san inda na koma.” Da aka fito da karyar, mun yini muna wanke ɗakin da ƙasa da ruwa, ruwan da ni nake ɗaukowa a ka, ta turare shi har muna tari, tana yi tana zagin kare da mai kare.

Haka aka riƙa yi duk sanda lokacin ya zagayo, har Yaya Sabi'u ya gaji ya rabu da namijin. Lulu ba ta sake haihuwa ba. Ta yi ƙiba, gashi ya dawo, na koyi taje mata shi da tsohon matajin Yaya Hajara. Ta ɗauki son duniya ta ɗora wa Inna, duk inda ta zauna sai ta lallaɓo ta kwanta kusa, Inna tana korarta da muciya. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ta da hannu ba. Da Lulu ta tsufa ta mutu a inuwar turmi, abin da Inna ta ce kawai shi ne a haƙa mata rami, kada a kai ta juji.

Yanzu sandaƙoƙin nan an rushe su, lungunmu ya zama titi. Ni da ban riƙe alƙalami ba sai da na aurar da 'ya'ya, yau jikata ce ke nuna mini hotuna a waya, 'yan kwikwiyo farare da ƙyalle a wuya, an jera su a kwando ana talla. Ita sha'awa suke ba ta. Ni har yau ba na son kare ya shinshina mini zani, amma duk sanda ta nuna mini, sai in ce ta tambayi mai tallar ya nuna mana uwarsu, ya kuma faɗa mana wane ne uban. Ba a taɓa nuna mana ba. Sai in tuna Inna a bakin ƙofa, hanci a toshe, ƙafafu a miƙe. Ba ta son abin, amma ba ta bari an kashe shi ba.