Tutar Kofur Mustafa

Ban taɓa mantawa da ranar da muka kai tuta wani gida a Ƙofar Na'isa ba. A lokacin ina Saje, saura shekara biyu in yi ritaya, an ajiye ni a sashen kula da iyalan sojoji.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Idan soja ya rasu a fagen daga, akan lulluɓe shi da tutar ƙasa har bakin kabari, sannan a ɗauke ta, a ninke, a miƙa wa magajinsa. In iyalin ba su samu zuwa ba, mu ne muke kai musu har gida. Aiki ne da kowa yake gudu. An taɓa rufe mana ƙofa, an taɓa jefo mana tutar waje, kuma ban ga laifin kowa ba.

Wannan karon tutar Kofur Mustafa ce. Kaftin ɗin da ya jagoranci su Mustafa ya ce lallai da shi za a je. Saurayi ne ɗan Kudu, ba ya jin Hausa, ni ne tafinta. A hanya na gaya masa abin da na ji: mahaifin, Malam Bukar, malamin Alƙur'ani ne, kuma tun farko bai so ɗansa ya shiga soja ba. Kaftin ya ce ya ji, duk abin da aka yi masa zai ɗauka.

Muka tarar da Malam a zaure bayan la'asar. Muka yi sallama, muka yi ta'aziyya. Kaftin ya ƙame, ya sara, ya miƙa tutar da hannu biyu. Malam bai karɓa ba. Ya dube ni ya ce, "Kana wurin jana'izar?"

Na ce, "Ina wurin, Allah gafarta Malam."

"An yi masa salla?"

"An yi. Limamin bariki ne ya ja, sahu ya cika."

Ya nuna tutar da haɓa. "An ce mini a cikin irin wannan ƙyallen kuke binne su."

Na ce, "A'a, Malam. Rufa masa aka yi daga sama, aka ɗauke kafin a sa shi. Da likkafaninsa ya shiga, fuskarsa na kallon alƙibla. Ina cikin waɗanda suka sauka ramin."

Sai dattijon nan ya sauke wani dogon numfashi. Ya ce tun da labari ya zo, abin da ya hana shi barci ke nan, kuma bai san wa zai tambaya ba. Sannan ya miƙo hannu ya karɓa. Duk tsawon maganar nan hannun Kaftin na miƙe.

Malam ya warware ta a kan cinyarsa, yana tattare gefen don kada ya taɓa ƙasa, ba tare da kowa ya gaya masa ba. Ya tambayi ma'anar launukan. Na ce kore albarkar noma ce, fari kuma zaman lafiya. Ya shafa farin da ke tsakiya, ya ce, "To, shi ya tafi nema. Allah Ya ba na baya."

Daga bayan ƙofa mahaifiyar ta yi magana a hankali, ta ce a miƙo mata. Malam ya tashi ya kai mata da kansa. Muna jin kukanta, ba mai ƙarfi ba.

Da ya dawo sai ya ga Kaftin yana hawaye a tsaye, yana magana da Turanci. Ya ce, "Me yaron nan yake cewa?"

Na ce, "Cewa yake shi ya ba da umarnin tafiyar da Mustafa bai dawo ba."

Malam ya ce in gaya masa ya zauna. Ya ɗora masa hannu a ka, ya ce, "Faɗa masa ba shi ya rubuta kwanan ɗana ba. Yana da uwa a raye?" Na ce yana da. Ya ce, "To, Allah Ya mayar mata da shi lafiya." Ya sa aka kawo mana fura, ya hana mu tashi sai da muka sha.

Muka shiga mota ni da Kaftin, muka kama hanya har muka wuce Ƙofar Ɗan Agundi. Can ya ce in koya masa yadda ake cewa "na gode".

Mun je ba da haƙuri, mu aka ba. Har yau in na yi salla ina sa Malam Bukar a addu'a, domin shi ya koya mini aikin da na yi shekaru ina yi ban iya ba. Ku da za ku ci gaba da kai tutar nan gidajen mutane, kada ku yi gaggawar miƙa ta. Ku zauna tukuna, ku bari su tambaye ku yadda aka sa ɗansu a ƙasa.