Karsanar Barista

A Fakku, in ka tambayi Safiyyatu mai nono, sai an ɗan yi tunani kafin a gane wadda kake nufi. Amma ka ce Inna ta Kotu, nan take za a nuna maka hanyar rugarsu. Ba ta son sunan ko kaɗan. Da farko takan tsaya ta yi faɗa da duk wanda ya kira ta da shi, yanzu kuwa sai dai ta amsa ta auna masa nononsa, don ta gaji da hanawa kamar yadda ta gaji da abubuwa da yawa.

Doguwar mace ce siririya, 'yar makiyaya, mai taurin kai irin wanda ba ya hayaniya. Ta haihu da yawa a gidan mijinta Gidaɗo, amma ɗiya ɗaya ta rayu, Madina. Gidaɗo ya rasu, daji ya lalace, garke ya yi ta raguwa har ya koma 'yan shanun da ƙanenta Bube ke kora su dawo kafin la'asar. Madina ta auri Malam Nu'umanu, malamin Islamiyya a Dogon Daji, ɗan gidan malamai, kuma auren so ne, ba wanda ya ce uffan. Ta haifi Muhsina. Yarinyar ta fara tafiya ke nan zazzaɓi ya kwantar da uwar, bai kuwa tashe ta ba.

Ranar sadakar uku Safiyyatu ta goya jikarta za ta kama hanya, sai yayar Nu'umanu ta zo a hankali ta kwance goyon, ta ce a bari a yi arba'in. Aka yi arba'in, sai maganar ta canza: daji ba lafiya, ruga ba makaranta, yarinya ta saba da gidan ubanta. A gaskiya Nu'umanu ba mugu ba ne, kuma abin da ya faɗa game da daji ba ƙarya ya yi ba. Amma limamin Fakku ya gaya wa Safiyyatu cewa a littafi, in uwa ta rasu, uwar uwa ce kan gaba wajen riƙo. Wannan maganar ta ɗaure a gefen zane ta tafi da ita kotu a Tambuwal.

Da ta san abin da ke gabanta, da wataƙila ta tsaya da bakinta kawai, ba lauya. To amma ran zaman farko Nu'umanu ya zo da lauya, mutumin ya yi ta zuba magana rabi Hausa rabi Turanci, ita kuwa ko ta ina za ta kama ba ta sani ba. Masu zaman gindin bishiyar ƙofar kotu, waɗanda ba su taɓa cin shari'a ba amma sun fi kowa sanin yadda ake ci, suka ce mata ita ma sai ta nemi nata. Suka haɗa ta da Barista Mujtaba, wani matashi da ke zuwa daga Sakkwato ranakun zama. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta, ya kira ta Inna, nan da nan ya shiga ranta. Sannan ya faɗi kuɗin aikinsa.

Kuɗi ba ta da su, amma tana da karsana ja mai farin goshi, jikar saniyar sadakinta. Bube ya nuna wa Barista hotonta a waya, shi kuwa ya yi dariya ya ce ya karɓa. Sai dai gidan haya yake a birni, ba shi da inda zai ɗaure ko akuya.

"Ki riƙe mini ita, Inna," in ji shi. "Wannan kes ba ya wuce wata uku. In an gama sai in aiko a ɗauka. Amma kada ki kuskura ki taka gidan su Nu'umanu har a yanke hukunci, kada su ce kin je yi masu fitina."

Ba a rubuta komai ba. A wurin Safiyyatu, wanda ka ba saniya ka gama da shi, ko da aikin zai kai shekara goma. A wurin Barista, karsana kuɗin buɗe fayil ce, kowane zuwa kuma da nasa lissafin. Kowannensu ya koma gida yana ganin ya yi ciniki mai kyau.

Wata uku suka zama shekara. Yau lauyan Nu'umanu ba shi da lafiya, gobe motar Barista ta lalace a hanya, jibi an sauya alƙali sai an fara sauraro daga farko. Safiyyatu takan fito da sassafe, ta hau babur zuwa Kebbe, ta jira mota ta cika, ta isa Tambuwal ƙafafu a kumbure, a kira sunanta, ta miƙe, a faɗi wata rana, ta zauna. Ba a taɓa kawo yarinyar kotu ba. Duk zaman da Barista ya samu zuwa, yakan raka ta bakin titi ya ce, "Inna, kuɗin mai fa." Ita kuwa ta ɗauka roƙo ne irin na 'ya'yan zamani, har tana jin tausayinsa, sai ta riƙa zuwa masa da man shanu a kwalba, da ƙwan zabi in damina ce. Yana karɓa yana godiya, yana kuma ƙara kuɗin man motar a kan bashinta ba tare da ta sani ba.

Karsana dai ba ta san an ɗage shari'a ba. Ta yi barbara ta haifi maraƙi. Aka shekara biyu ta sake haihuwa, wannan karon mace, ja mai farin goshi sak uwarta. Safiyyatu da hannunta ta ja ta daga ciki, tana goge ta tana cewa a ranta wannan ta Muhsina ce, ranar da yarinyar za ta dawo ita za a fara nuna mata.

A shekara ta huɗu, bayan wani zaman da shi ma ɗagewa aka yi, Barista ya ja ta gefe. Aure zai yi, yana neman kuɗi.

"Inna, sati mai zuwa zan aiko mota ta kwashe mini shanuna."

"Shanunka? Nagge guda nib ba ka."

"Guda kika ba ni, ta haihu. Abin da saniyata ta haifa ai nawa ne. Ga kuɗin zuwana kuma, tun farko ba ki taɓa biya ba. Ko duka ukun na saida, da ƙyar su rufe."

"To wa yas saya mata dussa da rani? Wa yat tsaya kanta da tak kwanta ciwo? Shekara fuɗu nika kiwon ta, ɗan nan. Ko bare ka ba kiwo, yana da rabo ga abin da anka haifa. Uwar taka ta, ɗauki. 'Yar kau ta jikata ta."

Ya ce shi doka ya karanta, ba kiwo ba. Ta ce ita ma ba ta ga abin da dokar ta haifa ba a shekara huɗu, gara naggen. Wannan maganar ta ƙona shi. Ya rufe jakarsa ya ce ba zai sake tsayawa a kes ɗin ba sai an biya shi, fayil kuma yana hannunsa.

Wani masinjan kotu ya gaya mata cewa lauyoyi ma suna da manyansu a Sakkwato, inda ake kai ƙararsu. Sai ga Safiyyatu, wadda ba ta taɓa wuce Tambuwal ba, a kan hanyar birni. A ofishin an karɓe ta da mutunci, aka ba ta kujera, aka tambaye ta takardar yarjejeniya. Babu. Rasit fa? Babu. Shaida? Bube, sai kuma saniyar. Aka ce a rubuta koke, ta biya mai rubutu. Aka ce za a nemi jin ta bakin Barista, ta dawo. Ta dawo, bai zo ba. Ta sake dawowa, ya zo, amma mai sauraron ya yi tafiya. Kuɗin nonon da a da take kashewa a hanyar Tambuwal, yanzu hanyar Sakkwato ke cinye su.

Bube ya gaji ya ce mata, "Adda, wai yarinya muka biɗa ko maraƙa?"

"Maraƙar ta yarinyar ta," ta ce, ta juya masa baya.

Gaskiyar da ba ta faɗa wa kowa ba ita ce, fushi da Barista ya fi mata sauƙin ɗauka a kan kewar jikarta. Fushin yana tashinta da safe ya sa ta cikin mota. Kewar kuwa zaunar da ita take yi ta rasa abin yi da hannuwanta.

Bayan kusan shekara, wani dattijon lauya ya zaunar da su ya yi sulhu. Barista ya ɗauki uwar da ɗan bijimin, ya yafe kuɗin mai, ita ta riƙe maraƙar a matsayin ladan kiwo. Kowa ya fito yana ganin shi aka cuta. Barista ya miƙa mata fayil ɗinta a tsaye, ya ce daga yau ya cire hannunsa, Allah ya ba da sa'a.

Ta rungumi fayil ɗin ta kai kotu. Magatakarda ya duba, ya sake dubawa, sannan ya gaya mata a hankali cewa an kori ƙarar tun watannin baya, saboda an yi ta kira ba wanda ya tsaya daga ɓangarenta. Ya ce ba komai, tana iya sake shigarwa daga farko. Daga farko! Ta nemi benci ta zauna, ta daɗe tana kallon ƙafafunta. Ba ta yi kuka ba, gajiyar ta wuce nan. Ba ta da wata karsanar da za ta bayar, kuma ko da tana da ita, ba ta da sauran shekara biyar na hawa babur.

Ranar kasuwa ta sa Bube ya ɗora maraƙar a bayan motar masu shanu, suka sauka Dogon Daji. Ta bar shi a tasha, ta ja igiyar ita kaɗai har ƙofar gidan da rabonta da shi tun arba'in ɗin Madina. Ta yi sallama a bakin zaure. Wata yarinya ta leƙo cikin ɗan hijabi, da allo a hannu, da wushirya irin ta Madina ba ragi.

Yarinyar ta dube ta sama da ƙasa, ta juya ta ƙwala kira cikin gida.

"Baba! Ga wata mai nono ta zo, amma ba ta da ƙwarya!"

Sannan ta dawo ta tsaya tana kallon maraƙar, tana son taɓawa tana tsoro. Safiyyatu ta durƙusa ta miƙa mata igiyar.

"Riƙe. Taki ta."

Yarinyar ta ɓoye hannunta a baya. "Mu ba mu saye. Baba ya ce ba ya da kuɗi."

"Ba sai ya biya ba, ɗiyata," in ji Safiyyatu. "An riga an biya."

Daga cikin gida ta ji takun Nu'umanu yana tahowa. Ba ta ɗaga kai ba. Ta kamo ɗan hannun ta buɗe shi, ta sa igiyar a ciki, ta naɗe yatsun a kai ɗaya bayan ɗaya, tana nuna mata yadda ake riƙewa don kada ta kuɓuce.