Tsohuwar da Ba Ta Son Titi Ya Hau Dutse

A gindin wani dutse bayan Ushafa, inda ake cewa mahara sun sha kashi a zamanin da, wata tsohuwa tana zaune a keken guragu. Mu 'yan yawon buɗe ido muna jiran layi, don hanyar hawan ba ta ɗaukar mutum biyu, balle keke. Kafaɗarta ta dama ta karkace, irin ta matan Gbagyi da suka tsufa suna dakon itace. Ina jin a ƙauyen nan aka haife ta.

Ba dutsen take kallo ba. Idonta na kan katafilar da aka ajiye a bakin gonakin doya.

Silas, mai yi mana jagora, ya durƙusa gabanta. "Mama, za a yi titi har sama. Ke ma za ki hau."

Ta ja birkin keken, ta riƙe gam.

"Dokin mahara bai hau ba, shi ya sa muke nan," in ji ta. "Ran da mota ta hau, ka zo ka nemi gidana, ka ga ko yana nan."

A bayanmu, direba ya tayar da katafila.